Yadda Ake Gano Dalilin da Ya Sa Jar Fitilar Birki Ta Ƙi Mutuwa a Tsohuwar Bas

Duk wanda ya saba shiga motocin haya da ke tashi daga Sakkwato zuwa Illela ko Tambuwal ko Gusau, kuma ya taɓa samun gidan gaba kusa da direba, da wuya a ce bai ga wata jar fitila tana ci a dashbod tun daga tasha har inda za a sauka ba. Idan ka yi magana, amsar da za ka samu kusan iri ɗaya ce: "Malam, ai haka take tun da aka sayo motar." Wani direban har baƙin salatif yake manna mata don kada ta dame shi da dare. Wannan al'ada tana damuna ƙwarai, domin fitilar nan ita kaɗai ce hanyar da mota ke iya sanar da direba cewa man birki ya yi ƙasa tun kafin ƙafarsa ta ji, kuma motar da ta ɗauki mutum goma sha huɗu ko fiye ba wurin gwajin sa'a ba ce.

Fitilar da ake magana a kanta ita ce ja, mai siffar da'ira da alamar motsin rai a tsakiya, a wasu motocin kuma an rubuta BRAKE ne kawai. A ƙa'ida, idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji za ta kama tare da sauran fitilu don a tabbatar ƙwanta na da rai, sannan da zarar inji ya tashi aka sauke birkin hannu sai ta mutu. Abin da ke rikita mutane shi ne ƙwai ɗaya ne, amma wayoyi daga wurare huɗu ko biyar suke zuwa gare shi, kuma kowannensu na iya kunna shi. A mafi yawan motocin Japan irin su Toyota Hiace da Nissan Urvan da Mitsubishi L300, wuta tana zuwa ƙwan ne daga makulli, abin da yake jira kawai shi ne wani makunni ya haɗa shi da ƙarfen jikin mota. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya yi rabin aikin, domin binciken gaba ɗaya neman wanda ya haɗa wayar da jikin mota ne, da kuma sanin ko yana da hujjar yin haka.

Kayan aikin ba su da yawa: tocila, tsumma mai tsabta, jak da abin tallafe mota mai ƙarfi, weji, sifanar taya, kwalbar sabon man birki da ba a buɗe ba, da mitar gwajin wuta idan akwai. Ana kuma buƙatar mutum na biyu da zai zauna a kujerar direba yana kallon dashbod. A ajiye motar a wuri mai baje, a sa ta a giya, a danne tayoyi da weji gaba da baya, saboda za a riƙa sauke birkin hannu yayin aikin.

Mataki na farko da ƙafa ake yin sa, kuma shi ne zai nuna ko motar za ta iya motsawa daga inda take. Inji yana kashe, a taka fedar birki sau biyar ko shida har ta yi tauri, a ci gaba da danne ta, a cire motar daga giya, sannan a tayar da inji. Idan fedar ta ɗan sauka ƙasa kaɗan ta tsaya, tulun da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, wanda makanikai ke kira busta, yana aiki. Daga nan a danne ta da ƙarfi madaidaici na kimanin daƙiƙa 30 ba tare da sassautawa ba. Fedar da ta tsaya cak wuri ɗaya alama ce mai kyau. Wadda ta riƙa nutsewa a hankali har ta kusa taɓa ƙasa tana nuna cewa mai yana zuba a wani wuri, ko kuma robobin cikin masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi, sun gaji suna barin mai ya koma baya. Wadda ta yi laushi kamar an taka soso, sai an yi ta bugawa kafin ta kama, iska ce ta shiga cikin bututu. Idan aka samu ɗaya daga cikin waɗannan biyun na ƙarshe, kada a ɗauki fasinja, kada kuma a ce za a lallaɓa zuwa gareji ta cikin cunkoson kasuwa. A kira makaniki ya zo inda motar take.

Idan feda ta nuna lafiya, sai a koma kan birkin hannu, domin shi ne mafi sauƙin dubawa. A gindin sandar, ko a bayanta idan irin wadda ake ja daga ƙarƙashin dashbod ce kamar ta wasu tsofaffin Hiace, akwai ɗan ƙaramin makunni mai waya guda. Sandar ce ke danne shi idan an sauke ta har ƙarshe, shi kuma ya kashe fitila. A ja a saki sau da yawa ana kallon dashbod, sannan a tura sandar da hannu har iyakarta. Idan fitilar ta yi ƙyafta-ƙyafta ko ta mutu sa'ad da ake turawa, matsalar tana nan: ko ƙura ta daskare a makunnin, ko ya sassauce daga mazauninsa, ko wani tsumma ko tabarmar roba ta tokare sandar. Don a tabbatar, a zare wayarsa a riƙe ta a iska kada ta taɓa ƙarfe. Fitila ta mutu, makunni ne, a wanke shi a gyara masa zama ko a sake wani. Ya kamata kuma a tabbatar birkin hannun yana saki da gaske, ta hanyar ɗaga tayar baya a juya ta da hannu, domin wayar ƙarfen da ke jan shi takan yi tsatsa ta maƙale bayan damina, motar ta riƙa tafiya duram, wato kwanon ƙarfen birkin tayar baya, yana zafi direba bai sani ba.

Mataki na uku shi ne kwalbar man birki, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. A motoci masu hanci irin su Toyota Sienna tana ƙarƙashin bonet ta ɓangaren direba. A bas-bas da injinsu ke ƙarƙashin kujera, kamar tsohuwar Hiace, takan kasance a gefen dashbod ta wajen ƙofar direba, bayan wani ɗan murfi. Kafin a buɗe ta a goge bakinta da kyau, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, saboda ƙwayar yashi guda tana iya yanka robar masta. A jikinta akwai layi biyu, MAX a sama da MIN a ƙasa. Idan mai ya kai MIN ko ya gangara ƙasa da shi, fitilar gaskiya take faɗa. Wata alama da ke taimakawa ita ce yadda fitilar ta fara: idan da farko tana kamawa ne kawai a kwana, ko a kan tudun rage gudu, ko lokacin taka birki da ƙarfi, daga baya ta zauna dindindin, kusan ko yaushe mai ne yake raguwa sannu a hankali.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika kwalbar, fitila ta mutu, a ce an gama. Man birki ba ya ƙonewa kamar man inji, yana cikin rufaffen bututu ne, saboda haka idan ya ragu akwai inda ya tafi, kuma wurare biyu ne kawai. Na farko shi ne cinyewar fad na tayoyin gaba, wato abin da ke matse faifan taya idan an taka birki. Yayin da fad ke sirancewa, fistan da ke cikin kalifa, wato gidan da ke riƙe da fad, yana ƙara fitowa waje, mai kuma yana sauka daga kwalba ya cike gurbin da ya bari. A cire tayar gaba a duba kaurin abin da ya rage a kan ƙarfen. Sabon fad yakan kai kusan milimita 10, idan ya sauko wajen milimita 3 lokacin canji ya yi. A duba na ciki da na waje duka, a kuma duba hagu da dama, domin idan ɗaya ya cinye ɗaya yana nan da kaurinsa, kalifar ce ta maƙale, kuma sabon fad ma haka zai cinye cikin ɗan lokaci. Idan fad ne sanadi, a canza shi kafin a ƙara mai, saboda da zarar an tura fistan baya man zai koma kwalba da kansa, wanda ya riga ya cika ta kuwa sai ta yi ambaliya a kan fenti, kuma man birki yana cin fenti idan ba a wanke shi da ruwa nan take ba.

Wuri na biyu shi ne yoyo, kuma neman sa yana buƙatar haƙuri da tocila. A fara da cikin tayoyi huɗun: duk tayar da gefenta na ciki ya jiƙe, ko ƙura ta manne mata ta yi baƙi fiye da sauran, abin zargi ce. A tayoyin baya, inda yawancin bas-bas ke da duram, a duba ƙasan farantin da ke bayansa, sannan a cire duram ɗin a ɗaga robar da ke bakin ƙaramar silinda, in an ga danshi a ƙarƙashinta silindar ta mutu, kuma lainin, wato abin da ke gogar duram daga ciki, idan ya sha mai shi ma ba ya sake kamawa da kyau ko an wanke shi. Akwai hanyar bambance man birki da man giya da kan zubo daga aksul a wuri guda: man giya yana da kauri da wari mai ƙarfi, ba ya haɗuwa da ruwa, man birki kuwa tsararo ne, kuma ruwa yana wanke shi daga yatsa. Daga nan a bi tiyon roba na kowace taya, a lanƙwasa shi a ga ko ya tsattsage, abokin aiki ya taka birki a ga ko wani wuri yana kumbura. Zafin Sakkwato yana busar da roba da wuri, shi ya sa tiyon da ya yi shekaru yakan yi kyau a ido amma ya nuna tsaga da zarar an murɗa shi. A bi bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota har baya, musamman inda aka ɗaure shi da inda yake gogar wani ƙarfe, da kuma bawul ɗin da ke kusa da aksul na baya wanda ke daidaita ƙarfin birki gwargwadon nauyin kaya.

Akwai wurare biyu da ake yawan mantawa. Masta na iya zubar da mai ta bayansa zuwa cikin busta, ba a ga ko ɗigo a ƙasa ba, sai dai fenti ya kwaile a inda suka haɗu. A bas mai inji ƙarƙashin kujera, masta yana bayan dashbod ne, don haka a ɗaga tabarmar ƙafar direba a shafa a ji ko da santsi. Sannan a wasu motoci masu giyar hannu, kuloci da birki kwalba ɗaya suke sha, ta yadda yoyon silindar kuloci zai iya kunna fitilar birki alhali birkin kansa lafiya lau yake.

Dole in yi magana a kan dabarun hanya da na san ana yi. Wani idan silindar taya ɗaya ta fara yoyo sai ya sa a daddaƙe bututunta a toshe, motar ta ci gaba da aiki da birkin taya uku. Ranar da aka taka da ƙarfi, motar za ta fizge zuwa gefe ɗaya, kuma da kayan albasa a baya da mutane a ciki babu hannun da zai riƙe sitiyarin. Wani kuma idan mai ya ƙare masa a daji sai ya zuba ruwan sabulu, ya isa gari ya manta. Ruwa yana tafasa a digiri 100, alhali sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Da ruwan ya tafasa ya zama tururi, feda za ta tafi ƙasa babu komai. Man inji ko man giya ya fi wannan muni, domin yana kumbura duk robobin da ke cikin layin, sai an sake su gaba ɗaya. A duba murfin kwalbar, an rubuta irin man da motar ke sha, galibi DOT 3 ko DOT 4, kuma kada a haɗa su da DOT 5 wanda sinadarinsa daban ne. Ko man gaskiya ma yana shan danshi daga iska da shekaru, har na DOT 3 ya sauko ya riƙa tafasa a wajen digiri 140, wannan ne dalilin da ake so a juye shi duka a zuba sabo duk bayan shekara biyu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, motar da ke cike tana taka birki a kowane rami da kowane shingen bincike tana buƙatar man da ba ya saurin tafasa. Man da ya yi baƙi kamar shayin da ba madara ya wuce lokacinsa.

Idan kuwa mai yana cike amma fitila na nan, sai a zargi abin da ke auna shi. A cikin kwalbar akwai ɗan abu mai yawo a saman mai, ɗauke da maganaɗisu, idan ya sauka ƙasa sai ya rufe wani makunni. Datti yakan maƙale shi a ƙasa, ko kuma ya tsufa ya sha mai ya nutse. A ƙwanƙwasa kwalbar da yatsa ana kallon dashbod, sannan a zare soket ɗin da ke jikinta ko a kan murfinta. Idan fitila ta mutu, ga mai laifi. A wanke kwalbar da sabon man birki kawai, ban da fetur ko kananzir, in bai gyaru ba a sake ta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bar soket ɗin a zare a ce an huta, domin daga ranar motar ba ta da mai gaya wa direba cewa mai ya zube.

Mataki na gaba ya shafi wuta da iska, kuma yana da muhimmanci ga masu dizal. A kalli dashbod da kyau a ga ko fitilar birki ita kaɗai ke ci. A tsofaffin Toyota da Nissan da yawa, idan altaneta ya daina caji, fitilar batir da ta birki sukan kama tare, a dizal har da ta tace ruwan mai, saboda ta layin altaneta aka bi wajen gwajin ƙwayayensu. A sa mita a kan batir inji yana aiki: tsakanin bolt 13.5 da 14.5 caji na tafiya daidai, idan ya tsaya wajen 12 altaneta ne ko fambel, wato bel ɗin da ke juya shi. Sai dai kada a ce tunda altaneta ne birki ba ruwansa. Injin fetur yana samun zuƙon iskar da busta ke aiki da shi daga bakin shan iskar injin, dizal kuwa sai da famfo na musamman, kuma a tsofaffin injunan dizal da yawa famfon yana manne ne a bayan altaneta. Fambel ya tsinke ko ya yi sako-sako, caji ya tafi, taimakon birki ma ya tafi bayan taku biyu ko uku, feda ta koma kamar dutse. Irin waɗannan motoci sukan zo da wani makunni da ke kunna jar fitilar idan zuƙon ya yi rauni. Alamarsa ita ce fitila ta daɗe kafin ta mutu bayan an tayar da inji, ko ta kama idan an taka birki a jere. A bi tiyon da ya tashi daga famfo zuwa busta, a saurari ƙarar shan iska, a duba tsaga a bakunansa.

Wasu tsofaffin motoci, musamman 'yan Amurka, suna da ƙarin makunni a kan bawul ɗin da ke raba layin gaba da na baya, wanda ke kamawa idan ƙarfin layi ɗaya ya faɗi. Bayan an gyara yoyo yakan ci gaba da kunna fitila har sai an fitar da iska ɗan fistan da ke ciki ya dawo tsakiya.

Idan an zare wayar birkin hannu, an zare ta kwalba, an zare ta zuƙon iska, caji kuma yana daidai, amma fitila ba ta mutu ba, to wata waya ce ta goge tana taɓa jikin mota. Wannan aikin mai rewaya ne. A gaya masa duk abin da aka riga aka gwada don kada ya soma daga farko, a kuma nuna masa wuraren da aka taɓa yi wa ƙari, kamar inda aka sa rediyo ko ƙarin fitilu. Motocin da aka shigo da su da sitiyari a dama aka juya shi zuwa hagu sun fi fama da wannan, domin an yanka wayoyin dashbod an ƙara musu tsawo, wani lokaci da murɗawa da salatif kawai, kuma a irinsu ya kamata a duba har haɗin bututun birkin da aka ƙara. Ɓeraye ma suna cin wayar motar da ke ɗaukar hatsi.

Fitilar ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi ƙullewa lokacin taka birki, daban take, launin ruwan ɗorawa gare ta. Idan ita kaɗai ta kama, birki na nan yana aiki, sai dai tayoyi na iya ƙullewa in an taka da ƙarfi, kuma sau da yawa datti ne ko yankewar waya a na'urar da ke auna gudun taya. Idan ta kama tare da ja, a ɗauki abin da muhimmanci a kai wa mai kwamfutar gwajin mota. Wanda kuma zai sayi bas ta hannu ya lura da akasin duk abin da aka faɗa: idan ya murɗa makulli ya ja birkin hannu jar fitilar ba ta kama ko kaɗan ba, ƙwan ya ƙone ko an cire shi, ya tambayi dalili kafin ya biya kuɗi.

Duk lokacin da aka kwance bututu ko silinda ko masta, wajibi ne a fitar da iska. Mutum ɗaya yana kan feda, ɗaya yana ƙarƙashin mota, ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta a ƙare da mafi kusa. Na ƙasa ya ce "taka", na sama ya buga sau uku ya riƙe, a buɗe ɗan noti mai da kumfa su fita, a rufe, sannan a ce "saki". Kada na sama ya ɗaga ƙafa kafin a rufe notin, kada kuma a bar kwalba ta ƙafe a tsakiyar aiki, in ba haka ba iska za ta sake shiga a koma farko. Ana ci gaba har mai ya riƙa fita garau babu kumfa. Idan fad aka canza, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin a motsa motar, domin takun farko yakan tafi ƙasa.

Bayan an gama, a fita da motar babu fasinja zuwa hanyar da ba cunkoso, a taka birki a gudun kilomita 20, sannan 40, ana lura ko tana ja gefe ɗaya ko fitilar ta dawo. A dawo a kusantar da hannu ga kowane wili ba tare da taɓa ƙarfen birkin ba, wanda ya fi sauran zafi yana riƙewa. Da dare a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, a yi wa kwalbar alama da biro daidai inda mai ya tsaya. Da safe kafin a tafi lodi a duba kwalin da alamar, a sake duba alamar bayan kwana uku da kuma bayan mako guda.